Wai In Kawo Gawa

Ƙanina,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da ɗalibanka.

Abin da ka ji gaskiya ne, kamfanin fentin da ke bayan shagona ya maka ni kotu. A taron unguwa na tashi na ce warin ruwan da suke sako mana a kwata yana kashe mu. Shi ke nan fa! Lauyansu ya rubuta wai na zarge su da kisan kai, sai in kawo gawa ko in biya su diyyar ɓata suna. Kai da ka yi boko mai zurfi, in mutum ya ce yunwa na kashe shi, likkafani ake saya masa?

Kada ka damu. Da zarto ɗaya na aro na fara kafinta, yau yara na cin abinci a ƙarƙashina. Ba mai rufe min baki.

Ka gaida gida.
Yayanka.

Yaya,

Ina gaisuwa da ladabi, tare da fatan alheri.

Ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Mutanen nan sun san ba ka da laifi. Ba hukunci suke nema ba, so suke ka gaji, saura kuma su tsorata. Ka nemi lauya ya roƙi alƙali ya kori ƙarar tun yanzu, ka kuma tara waɗanda suka ji ka su yi shaida. Don Allah ka rage zafi.

Allah ya bar zumunci.
Ƙaninka.

Ƙanina,

Gaisuwa. Ka yafe min dogon shiru.

Lauya ya ce ba dokar da za ta kori ƙarar da wuri, sai an saurare ta har ƙarshe. To ina sauraron? In rufe shago, in sa babbar riga, in wuni a bencin kotu, wanda ko kafintan da ya yi shi bai goge ba, sai a ce lauyansu ya yi tafiya, an ɗage zama. Wani mai otal ya gaji da jiran kujerunsa ya kai wa wani aikin. Ƙwararrun yarana sun kama gabansu.

Shaidu kuwa? Mai shayi, wanda ya fi kowa tafi ran taron, ya ce lasifika na ƙara, bai ji ni ba. Tela ya ce, "Maigida, ni fa ina da 'ya'ya." Na ce ni duwatsu na haifa?

Yanzu kamfanin ya aiko: za su janye in na sa hannu cewa har abada ba zan ƙara ambatonsu ba. Matata kuwa ta ajiye min biro kusa da abinci.

Sai na ji daga gare ka.
Yayanka.

Yaya,

Ina gaisuwa. Ba ni da bakin ce maka sa ko kar ka sa. Duk wanda ka zaɓa, kai ne yayana.

Ƙaninka.

Ƙanina,

Gaisuwa. Na sa hannu, an janye, na buɗe shago.

Jiya wani sabon ɗan haya ya tsaya a ƙofata, ya toshe hanci, ya ce, "Baba, wannan warin daga ina?"

Na ce masa mura nake yi.

Ka huta lafiya.
Yayanka.