Na Yabi Tsohuwar Manhajata, Ashe Aikin 'Yata Ne

Malama mai wannan fili, don Allah ki taimake ni da shawara, wata magana ce ta tsaya mini a maƙoshi, ta ƙi wucewa ta ƙi fitowa. Ban taɓa zaton zan rubuto miki ba. Matata ce mai karanta filinki, in ta karanto mini kukan mutane sai in ce su dai ba su da aikin yi. To ga shi yau ni ma na shigo layi.

Ni mai haɗa kiɗa ne. Situdiyona yana saman wani shagon gyaran waya, ɗaki biyu ne: na gaba mai benci da fanka, inda mawaƙa ke jira suna musu, da na ciki wanda ni da hannuna na lulluɓe bangonsa da soso. An ce yabon kai jahilci, to yau dai ki yi haƙuri da jahilcina: in kin taɓa shiga motar haya kika ga direba ya ƙara murya yana gyaɗa kai, ba mamaki daga ɗakin nan waƙar ta fito. Shekara ashirin da ɗoriya ina wannan sana'a, kuma dukkansu da manhajar kwamfuta ɗaya na yi su. Ba zan kama sunanta ba, kar a ce talla na zo yi. Mu dai Tsohuwa muke kiranta, don da tsohuwar zuma ake magani.

Tsohuwa ba ta da kwalliya. Fuskarta toka-toka ce, layi bisa layi, nan murya, nan ganga, nan fiyano. Ba ta ba ka komai a dafe. Kowane bugun ganga da hannunka za ka ɗora shi, in mawaƙi ya kauce kuma sai ya koma gaban makirfo ya sake, ko zai yi sau nawa. Amma ba ta gajiyar da kwamfuta, kuma wajen ɗaukar murya ban ga ta biyunta ba. Yatsuna sun san ta yadda ko fitila aka kashe ba zan lalube ba.

Sai wata sabuwa ta shigo, ni na raɗa mata suna 'Yar Yayi. Launuka kamar kantin kayan yara. Ta zo da kiɗa iri-iri a shirye, ka jawo ka ajiye, har da abin miƙe muryar wanda bai iya waƙa ba. Akwai wasu ma, wadda masu kiɗan talla ke so, da wata ta waya, amma 'Yar Yayi ce ta cinye kasuwa. Muna da wani zaure a waya na masu haɗa kiɗa, aka taɓa yin ƙuri'a kowa ya faɗi wadda yake aiki da ita. Mu masu Tsohuwa ba mu cika benci ɗaya ba, kuma duk masu furfura ne. Mawaƙin yanzu in ya hau bene, bai gama gaishe ka ba ya leƙa fuskar kwamfutarka ya ga wacce ce. Ni kuwa na zama mai wa'azin zauren. Kullum ina gaya musu in da yawa ake daraja, da tsakuwa ta fi zinariya. Wasu su yi dariya, wasu su ce Baba ya fara.

Yanzu bari in zo kan Auta, 'yata ta ƙarshe. Tun tana rarrafe take cikin wayoyin situdiyo, ta sha yin barci a kan ragowar soso ana ɗaukar waƙa. Yayyenta kowa ya kama gabansa, ita ce ta gama karatu ta dawo ta zauna kusa da ni. Ni na koya mata sauraro. Na ce mata kar ta taɓa yanke numfashin da mawaƙi ke ja kafin amshi, don nan ran waƙa yake. Na ce ganga ƙarƙashin murya take zama kamar tabarma, ba ta hawa kanta. Na koya mata duk waƙar da aka gama a gwada ta a wata ƙaramar rediyo mai sifika ɗaya da ke ɗakin gaba, in ta yi daɗi a nan to za ta yi daɗi ko'ina. Wata rana sai ga ta da kwamfutar cinya, ta sa 'Yar Yayi a ciki. Na ce ba dai a ɗakina na ciki ba. Tun daga nan a benci take zama da abin ji a kunne, tana 'yan ƙananan ayyuka.

Akwai wani mawaƙi da muke kira Dogo, tare muka tashi a sana'ar. Kwanakin baya ya kawo waƙa, na ɗauki muryarsa, na shimfiɗa ganga, sai aka yi mini aikin ido, likita ya hana ni kallon kwamfuta na 'yan makonni. Na bar wa Auta aikin, na ce ta ƙarasa shi a kan Tsohuwa.

Ranar da na dawo, tun daga matakala na jiyo waƙar a ƙaramar rediyon nan. Malama, sai da tsigar jikina ta tashi. Na tsaya riƙe da ƙarfen bene har ta ƙare. Na shiga na ce a sake sawa, na tara duk wanda ke benci, har mai gyaran waya na aika aka kira. Na dinga nuna musu da yatsa: su ji numfashin nan kafin amshi, su ji yadda ganga ta kwanta. Na ce wannan ɗumin Tsohuwa kaɗai ke ba da shi, 'Yar Yayi ko ta shekara dubu ba za ta iya ba. Na juya wajen Auta na ce to yau ta ga abin da nake gaya mata. Ta sunkuyar da kai ta ce haka ne. Dogo ya yi ta tari, ni na ɗauka mura ce. Ban tsaya nan ba, na tura waƙar zaurenmu da dogon rubutu, na ce ga hujja ga mai kunne. Yabo ya yi ta zuwa, wasu har suna tambayar inda za su samo Tsohuwa.

Bayan 'yan kwanaki na buɗe Tsohuwa don in ɗan rage ƙarar wata ƙararrawa a baiti na biyu. Sai na tarar da aikin yadda na bar shi, murya da ganga tsirara, ko ƙararrawar ma babu. Na matsa wa Dogo, ya faɗi gaskiya. Ashe ya so a sa jita, mai jitar kuwa yana wani gari kuma da 'Yar Yayi yake aiki. Auta ta kwashe komai ta mayar can, mai jita ya buɗe daga inda yake ya sa nasa, ita kuma ta haɗa duka. Ta roƙi Dogo a bari idona ya warke tukun a gaya mini, ni kuma na riga su da baki.

Na rufe ƙofa na sake sauraro ina neman aibu, ban samu ba. Zan gaya miki abin da ban gaya wa kowa ba: ta fi abin da ni zan yi. Kuma wallahi ban ji haushi ba. Daɗi ne ya cika ni, ji nake kamar rigata ta yi mini kaɗan. Wannan 'yata ce fa! Har ƙwalla na yi, da matata ta gani na ce maganin ido ne.

Amma bakina ya ƙi buɗewa. In na faɗa, ina zan sa fuskata a zaure bayan duk cika bakin nan? Akwai waɗanda sun daɗe suna jiran ranar. Ga shi jiya uwarta ta gaya mini wani mai babban situdiyo, wanda ke cikin zauren kuma ba a yi wa kunnensa wayo, ya gane ba Tsohuwa ba ce, ya bincika ya gano aikin Auta ne. Ya kira Auta ya ce zai ba ta teburi nata, da sunanta a kan duk aikin da ta yi. Ƙarshen watan nan za ta ba shi amsa. Ta ce wa uwarta ba za ta taɓa kunyata ni ba, amma ta gaji da zaman benci kamar baƙuwa.

Malama, ki gaya mini tsakani da Allah, a cikin manhajojin nan wacce ta fi? In saki Tsohuwa ne da tsufana in koma koyon jawo kiɗan da aka riga aka shirya ina ajiyewa? Kuma yaya zan yi kar 'yata ta tafi, ba tare da na zama abin dariya ba?

Baban Auta

*

Baban Auta, sannu da jiki, Allah ya ƙara hasken ido. Wasiƙarka ta ba ni dariya, ta kuma faranta mini rai. Iyaye da yawa suna rubuto mini ne a kan 'ya'yan da suka ƙi kama komai. Kai damuwarka 'yarka ta kama har ta wuce ka, irin wannan damuwa kuwa roƙonta ake yi.

Mu fara da manhaja, tun da ita ka sa gaba. Ni ba mai haɗa kiɗa ba ce, don haka na zaunar da mutum biyu masu sana'arku, ɗaya irinka, ɗaya irin Auta. Sun yi musu har shayinsu ya huce, amma sun haɗu a kan abu ɗaya: kowacce da inda ta fi. Irin taka tana da sauƙi ga kwamfuta, tana da kyau wajen ɗaukar murya, kuma tana koya wa mutum haƙuri. Ɗayar tana da sauri, sannan tana da jama'a. Gaskiyarka, yawan masu amfani da abu ba shi ne ingancinsa ba. Amma a sana'ar da ake miƙa wa juna aiki, yawan ma amfani ne. Shi ya sa mai jitar nan ya iya sa hannu daga garinsu, shi ya sa in matashi ya maƙale yake samun wanda zai tambaya. Ba lalacewa ce ta kai matasa can ba.

Ɗumin da ka ji a matakala kuwa, duka biyun sun ce ba a cikin manhaja yake ba. Ka duba abin da ka nuna wa mutane da yatsa: numfashin da ba a yanke ba, gangar da ba ta danne murya ba. Wa ya koya mata waɗannan? Kunnenka bai yi kuskure ba, hannun situdiyonka ka ji, suna kawai ka ba wanda ba shi ba.

Don haka ba sai ka saki Tsohuwa ba. Ka ci gaba da ɗaukar murya a kanta, ka fitar da kowane layi a fayil ɗinsa daban, murya daban, ganga daban, Auta ta ɗauka ta ƙarasa a tata. Haka ma tsofaffin ayyukanka, ku zauna tare ku kwashe su ta wannan hanya tun kwamfutar tana da lafiya, don na'ura ba ta yin alƙawari. Ka shigo da teburinta ɗakin ciki a makon nan, sunanta ya riƙa fita a kan aikinta. Lokaci lokaci ka jawo kujera kusa da ita ka ce ta nuna maka yadda take yi. Ba za ka ragu da komai ba.

Ita ma Auta da ta gaya maka tun farko da ya fi, amma kunya da tausayinka ne suka rufe mata baki, kar ka yi mata faɗa a kan haka. Batun tafiya kuma, ba zan ce ka ɗaure ta ba. Ta yiwu ka yi duk wannan ta ce tana son ta gwada wani wuri, in haka ta zaɓa ka sa mata albarka. Abin da ba na so shi ne shirunka ya zama shi ne ya kore ta.

Zaure kuwa, ka riga kowa faɗa. Mai babban situdiyon ya sani, Dogo ya sani, maganar da ta kai kunne uku ba ta daɗewa a rufe. Ka rubuta musu da bakinka na barkwanci cewa tsoho ya sha ƙasa, kuma 'yarsa ce ta kayar da shi. Za su yi dariya, ka taya su. Kafin a jima za ka ga dariyar ta koma barka.

Amma kafin zaure, kafin 'yan benci, ita za ka fara samu, kuma kar ka jira ƙarshen wata. Yarinyar nan ta tsaya a gabanka tana jin yabo mafi girma da ka taɓa yi wa wani aiki, ta ga ka miƙa shi ga kwamfuta, ta ce haka ne don kar ka ji kunya. Duk abin da ka rubuto mini game da ita, ni na ji, masu karatu sun ji, ita ce kaɗai ba ta ji ba. Ka kira ta ka gaya mata da bakinka cewa ka san aikinta ne, kuma ta fi ka.

Allah ya yi mata albarka, ya bar zumunci tsakaninku, kai kuma ya ba ka tsawon rai ka ga ranar da za a riƙa nuna ka ana cewa ga mahaifin mai haɗa kiɗan nan.