Ajin Malam Datti

Kademi, Gaya

Yaya Barau,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da iyali. Yaya jikin Inna?

Na samu saƙonka cewa za ka turo mota da zarar na fita takaba. Yaya, akwai magana. Tun rasuwar maigidana Malam Datti ba a turo wa 'yan aji biyu malami ba. Sai suka dinga zuwa zaurenmu da yamma, suna zama inda ya saba zaunar da su. Na kasa korar su. Na ɗauko katunan baƙaƙen da ya yanka da kwali, na ɗora daga inda ya tsaya. Yanzu hedimasta yana so in riƙe ajin.

Ƙanwarka,
Hure

Ajingi

Hure,

Wa'alaikumus salam. Allah ya jiƙan mijinki.

Ƙafar Inna ta ƙi, sai an ɗaga ta take tashi. Matata tana ƙoƙari, amma sunanki Inna take kira. Yaran nan suna da iyaye, suna da gwamnati. Inna kuwa ke kaɗai ce 'yarta mace. Ki haɗa kayanki.

Yayanki,
Barau

Kademi

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Na yi kuka da na karanta takardarka. In Inna ta ce in taho, ba zan ƙara kwana ba.

Amma ka ji wannan. Akwai Afra'u, 'yar rugar bayan gari, wadda ba ta taɓa buɗe baki a cikin yaran ba. Jiya ta jera katuna da kanta, ta bi su da yatsa, ta karanta "nono". Ta ɗago ta ce, "Malama, ashe shi ma ana rubuta shi?" Yanzu suka fara haɗa baƙi da wasali. In na tafi, damina za ta kwashe su zuwa gona, su manta komai.

Don Allah ka karanta wa Inna wannan duka, kada ka tsallake ko layi.

Allah ya ba ta lafiya.
Hure

Ajingi

Hure,

Na karanta mata, ban tsallake ba. Da na gama, sai ta ce wa matata ta ɗaure mata kayanta. Na yi magana har na gaji.

Motar za ta zo ranar Asabar, da Inna a ciki. Ki share mata ɗakin da ba shi da dokin ƙofa mai tsawo.

Wassalam,
Barau