Lafiya Lau Ɗin da Ba Ni Na Rubuta Ba

Zuwa ga sanyin idona, inuwata idan rana ta take, mai hannun da ke tayar da wayoyin da suka mutu.

Ga sallamar da bakina ya kasa yi maka. Ka san halina, in na tsaya gaban teburinka sai harshena ya maƙale, in yi ta kallon 'yan kusoshin da kake tarawa a murfin kwalba kamar su na zo gaisarwa. Shi ya sa na yago takarda. In ka ga kuskure ka yi haƙuri, karatuna bai yi nisa ba, zuciyata ce ta yi nisa a kanka.

Ka tuna ranar da wayata ta faɗa bokitin wanki? Na kawo maka ita a naɗe a bakin mayafi kamar ɗan tsakon da ruwa ya doka. Ka yi dariya ka ce ita ma wanka take so. Ka liƙa mata 'yar takarda a baya, maimakon sunana ka rubuta "Sarauniyar Kunya". Wayyo ni! Ranar ƙafata ba ta san tana taka ƙasa ba, ji nake kamar busasshen fili da ya sha ruwan farko.

Amma akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Duk Litinin asibiti na turo min saƙo: "Ya jikinki? Kina shan maganinki?" In na ce lafiya, shi ke nan. In na ce da damuwa, ko na yi shiru, nas za ta kira, in ba ta same ni ba ta zo har gida. Kafin a fara saƙon, sai Gwaggo ta bar keken ɗinkinta mu je mu wuni a layi kan 'yar tambaya ɗaya.

To, Litinin ta riski wayata a hannunka. Ni kuwa ina kwance, sabon maganin da aka canza min yana juya min ɗaki, ko ruwa na sha sai ya dawo. Na yi ta sauraron sallamar nas, ina tsoron maƙwabta su gan ta, ina kuma addu'ar ta zo. Ba ta zo ba. Da na karɓi wayar na duba, sai ga amsa an tura: "Lafiya lau, na gode." Ni ban taɓa ƙara "na gode" ba. Kai ne, da ka kunna ta don gwaji.

Ashe ka gani! Ka gani, ka miƙo min wayar, har ka raba lemu biyu ka ba ni rabi kamar kullum. Wace irin zuciya ce Allah ya ba ka? Tauraro ne kai, ko rijiyar da ba ta ƙafewa?

Saƙon bai faɗi sunan ciwon ba, don haka ni zan faɗa maka. Ina ɗauke da ƙwayar cuta mai karya garkuwar jiki. Da ita aka haife ni, ita ta ɗauke Innata. Ina shan magani kullum, nas ta ce in na riƙe shi zan tsufa har in yi furfura in dami jikoki da surutu.

Hasken raina, na san rufa min asiri ka yi niyya, amma amsarka ta hana a zo duba ni. Sai da Gwaggo ta kai ni a galabaice aka sake min magani. Nas ta yi min faɗa wai na yi ƙarya, na sunkuyar da kai, ban tona ka ba. Don Allah kar ka sake amsawa a madadina. Duk wanda ya tambaye ni, lafiya lau nake ce masa, har Gwaggo, don kar ta damu. Wannan ɗan saƙon kaɗai ne wurin da ba na jin kunyar cewa yau jikina ya ƙi. Ka bar min shi.

Yanzu ka san komai. Za ka ci gaba da raba lemu da ni, ko za ka riƙa duƙar da kai kan aikinka in na wuce? In har ina nan a ranka, Litinin mai zuwa, bayan saƙon asibiti ya shigo, kai ma ka turo naka, ka tambaye ni ya jikina. Na yi maka alkawari, abin da na gaya wa nas shi zan gaya maka. In kuma wayar ta yi shiru, ba zan zarge ka ba, amma 'yar takardar nan ta bayanta ba zan ɓare ta ba.

Taka muddin ina numfashi,
Sarauniyar Kunya