An Ce Babu, Amma Likita Bai Gamsu Ba

Assalamu alaikum Anti. Don Allah ki ba ni shawara, kaina ya ɗaure, kuma magana ce da nake jin nauyin kai ta gaban ko da ƙanwata.

Maigidana mai gyaran famfo ne, ya haura sittin. Bara fitsari ya fara matsa masa, alwala ba ta zama. Shi wasa ya mayar da abin, wai ya gyara famfon gari duka, nasa ya ƙi tsayawa. Ni da ke wanke masa kaya ban yi dariya ba. Da ƙyar ya je asibiti. Gwajin jini ya sa likita zargin ciwon daji a ƙullin naman da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, aka sa allura aka ɗebo naman. Ya sha wuya, kunyar ma ta fi zafin. Sakamako ya fito babu komai. Ya yi sujada a tsakar ɗaki, ya rantse ba mai sake kwantar da shi a gadon nan.

To, an maimaita gwajin jinin, abin da ya hau a jinin nasa bai sauka ba. Babbar 'yarmu ce ta karɓo takardar. Likita ya ce mata allura takan kauce wa ciwon in ƙarami ne. Amma akwai sabon gwaji da za a yi da ragowar naman da ke ajiye a wurinsu. Wai naman lafiya da ke maƙwabtaka da ciwo yakan canza hali, wasu ƙwayoyin halittarsa su farka, wasu su yi shiru, kamar yadda bango ke jiƙewa kusa da fasasshen bututu.

Yarinyar ta ce mu sa a yi a ɓoye, in da labari ma faɗa masa. Anti, ban taɓa sayar da ko cokali a gidan nan bai sani ba. Kuma tun muna makarantar allo an hore mu da godiya. Allah ya ba mu "babu", mu koma muna tono? Ba butulci ba ne? Amma in na yi shiru abin yana cinsa fa? Yana nan yana raha, bai san komai ba.

Uwar 'yan mata

Wa alaikumus salam Yaya. Allah ya ƙara wa maigida lafiya.

Ki sauke zancen butulci daga ranki. Godiyar da kuka yi tana nan daram. Neman sani kan cuta neman magani ne, kuma kin fi ni sanin ba a hana mu shi ba.

'Yarki tsoro ne ya sa ta, kada ki ga laifinta. Sai dai zuciyarki ta fi tata gaskiya. Naman nan jikinsa ne, ko yana cikin kwalba, kuma asibitin kirki ma sai ya nemi yardarsa. In kuka yi a ɓoye sakamakon ya zo da magana, da wane baki za ku fara?

Ki same shi ku biyu, bayan ya ci ya huta. Ki fara da abin da zai sanyaya masa rai: wannan karon ba allura, ba tuɓe wando. Misalin bangon nan ki ba shi yadda aka ba ku, aikinsa ne, zai riga ki ganewa. Amma kada ki yi masa alkawarin an gama da allura har abada. Gwajin alama yake bayarwa, ba hukunci ba. In ya nuna wani abu, za a so a sake dubawa. In bai nuna ba, wataƙila ya huta da wata ɗibar. Ku tambayi likita ku biyu yadda gwajin ke dacewa da yadda yake kuskure, da ko hoton ciki zai taimaka. Ki kuma sani hauhawar gwajin jinin ba kullum daji ba ne, kumburin ƙullin saboda tsufa ma yana kawo ta. In ma dajin ne, irin wannan sau da yawa a hankali yake tafiya, wanda aka kama da wuri kuwa ana maganinsa.

In ya ƙi a karon farko, kada ki ja. Ki gaya masa gaskiya cewa tsoro kike ji, ki bar shi ya juya maganar. Allah ya sa ku ji alheri, ya bar ku tare cikin lafiya.