Inna, Ranar Talata Zan Faɗi Sunanki

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina gaishe ki a durƙushe kamar yadda kika koya mini, ina roƙon Allah ya sa gaisuwar nan ta same ki cikin rahama da yalwar makwanci. Damina biyu ke nan da rasuwarki. Mutanen gida duk lafiya. Baba yana nan, sai ciwon gwiwa da ya hana shi zuwa gonar nesa. Ɗanki Sani ne yake noma ta yanzu.

Dalilin wannan takarda shi ne in sanar da ke na gama rubuta kundin digirina na biyu. An buga shi, an ɗinke, ga shi nan a gabana. Ranar Litinin zan shiga motar Kano, ranar Talata da safe in tsaya gaban malamai in kare shi da baki. Su yi tambaya, in ba da amsa. In sun gamsu shi ke nan, in ba su gamsu ba su maido ni baya. Amma ba albishir kaɗai na kawo miki ba. Akwai abin da zan yi a ranar wanda ban taɓa yi ba tunda kika haife ni, kuma ba na so in yi shi ban sanar da ke ba.

Kin tuna ranar da na gaya miki abin da zan yi bincike a kansa? Na zo ƙauye daga Daura ranar Asabar, na tarar da ke a tsakar gida kina tankaɗe toka. Na ce miki zan yi rubutu ne a kan yadda matan ƙasarmu suke ajiye irin wake daga kaka har zuwa shuka ba tare da maganin bature ba. Ba ki ɗago ba. Kina kallon rariyarki kika ce, "Yanzu duk bokon nan a toka ya ƙare?" Na yi dariya, amma na ji haushi, ba zan ɓoye miki ba. Washegari kuwa ke ce kika tashe ni kika ce in zo in gani, tunda gani nake so.

A ranar kika nuna mini abin da na shekara ashirin ina wucewa ta gabansa ban taɓa lura ba. Ba kya ɗibar toka daga murhu. Kika ce, "Tokar murhu ba ta ajiya, ta sha ruwan tuwo. Kara ake ƙonawa daban." Karan gero kike tarawa ki ƙona a bayan gida, ki bar tokar ta huce sarai, ki tankaɗe. Waken kuma ba ya shiga tulu sai kin ɗauki ƙwaya ɗaya kin ciza, kin ji ta ce ƙas. In ta lotsa, a mayar da shi rana. Sai ki zuba toka, ki zuba wake, ki ƙara toka, har tulun ya cika, ki liƙe bakinsa da laka. Ba mai taɓa shi sai ruwan shuka ya sauka.

Na zaga ƙauyuka da yawa bayan nan, Inna. Na je wajen Zango, na je wajen Mashi, na zauna da tsofaffi a kan tabarma ina ɗaukar muryarsu a waya. Kowace tana da nata, kuma na ƙaru da su. Amma maganar raba tokar kara da tokar murhu, a bakinki kaɗai na ji ta filla-filla. Da na kai jami'a muka gwada, waken da aka ajiye irin ajiyarki shi ya fi tsira daga ƙwari, shi ya fi tsiro. Babi na huɗu, wanda shi ne zuciyar kundin, a kan maganarki ya tsaya. Kin rasu ina tsakiyar rubuta shi.

To ga inda matsalar take. Ƙa'idar aikin ita ce duk wanda ya ba ka bayani ka rubuta cikakken sunansa da garinsu, don mai karatu ya san ba ƙirƙira ka yi ba. Duk matan da na yi hira da su na rubuta sunayensu. Da na zo kanki, hannuna ya ƙi. Sai na rubuta "Inna". Ko'ina a babin haka yake: Inna ta ce, Inna ta nuna, a cewar Inna.

Ai kin san yadda muka tashi. Wa ya isa ya kama sunan uwarsa? Tun a firamare akwai wata 'yar ajinmu mai irin sunanki, har muka gama "mai sunan Inna" nake ce mata. Ko a cikin karatu sunan ya fito, sai in yi tari in tsallake. Ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya ce kada in faɗa. Haka kawai na buɗe ido na ga ana yi.

Watan jiya aka yi mana ƙaramar kariyar kundi ta cikin sashenmu na jami'a, wadda ake yi kafin babbar. Akwai wani malami, ba ɗan ƙasar Hausa ba ne, amma ya karanta aikin tsaf, har ya lanƙwasa shafuka. Ya yaba gwajin da muka yi. Sannan ya buɗe babi na huɗu ya ce da ni da Turanci, wace ce wannan Inna da na jingina rabin hujjata a kanta? Na ce mahaifiyata ce. Ya ce to madalla, mene ne sunanta?

Inna, ni da nake tsayawa gaban ɗalibai kullum ina magana har sai an kaɗa ƙararrawa, na tsaya kamar an ɗinke mini baki. Ya sake tambaya. Na sunkuyar da kai ina kallon takalmina. Shi a wurinsa, ɗalibar da ta kasa faɗin sunan mai ba ta bayani, to akwai alamar babu mai bayanin. Na ga lokacin da fuskarsa ta canja. Ya rubuta a takardarsa cewa ba a san asalin wannan majiya ba, ko dai a bayyana ta ko a cire duk abin da aka jingina mata. Ban ga laifinsa ba, aikinsa ya yi. Amma na fita ɗakin nan ina jin kunya iri biyu, kuma ban san wadda ta fi ci na ba.

Malamar da take duba aikina Bakatsiniya ce, ba sai an yi mata bayani ba. Ta kira ni ofishinta ta ce, "Na san abin da ya riƙe ki, ni ma da hakan zan yi. Amma ranar babbar kariya ba ni da bakin magana, kuma malamin nan zai zauna, ga baƙon farfesa da za a gayyato. Za su sake tambaya. Ko ki rubuta sunan ki kuma faɗe shi, ko ki mayar da maganar ta zama ta jama'a, ki ce wasu tsofaffi ne suka ce. Duk wanda kika zaɓa za ki iya wucewa."

Na gwada na biyun. Wata Asabar da hantsi na zauna na bi babin layi-layi, duk inda na ga "Inna ta ce" na mayar da shi "wasu mata sun bayyana". Da na gama na karanta, babin ya yi kyau, ba mai kama ni da komai. Amma ji na yi kamar na shiga ɗakinki na kwashe kayanki ina rabawa a unguwa. Wasu mata ba su ce ba. Ke kika ce. Na goge gyaran gaba ɗaya kafin azahar.

Daga nan na hau mota na tafi Mashi wurin Kawu. Na same shi yana ba tumakinsa harawa. Da na gama yi masa bayani sai ya ce, "Ni da muke ciki ɗaya Yaya nake ce mata har ta koma ga Allah. Ke da ta haifa za ki tsaya gaban maza ki kama sunanta? Rubuta musu a takarda ki miƙa, ai sun iya karatu." Na ce to, Kawu. Ban yi masa musu ba.

Amma a hanyar dawowa maganarsa ta tsaya mini a rai ta wata fuska daban. Kawu Yaya yake ce miki. Baba, tunda nake ban taɓa jin ya kira ki da suna ba, sai dai ya yi gyaran murya ya ce, "Kina ciki?" Maƙwabta Innar su Sani suke cewa. Mu Inna muke cewa. Duk girmamawa ce, na sani, kuma kin cancanta. Sai dai na rasa mutum ɗaya da zan ce na taɓa jin sunanki a bakinsa. Har muka iso tashar Daura ina lissafi ban samu ba.

Cikin shirin kariyar nan malamata ta ce in sake sauraren duk hirarrakin da na ɗauka, kada a tambaye ni abin da na manta. Tun rasuwarki ban buɗe taki ba, ba na iyawa. Ranar Larabar makon jiya na daure na kunna tun daga farko. A da, in zan rubuta, daga inda kika fara maganar toka nake farawa. Ashe akwai abin da na tsallake, har na manta da shi.

Kin ga yadda nake yi wa sauran mata, ina fara tambayarsu suna kafin komai. Da na zo kanki sai na wuce kai tsaye zuwa tambaya ta biyu. Ga muryarki nan a wayar, kina cewa, "Ni ba a tambayata suna?" Ga tawa, ina dariyar kunya, ina cewa ai na sani. Kika ce, "Ke kin sani. Takardar ta sani?" Sai kika matso kusa da wayar, har ana jin numfashinki, kika faɗi sunanki, da na mahaifinki, da garin da aka haife ki. A hankali kika faɗa, yadda mai rubutu ba zai yi kuskure ba.

Na saurara sau uku, na kife wayar na yi kuka. Ashe kin riga kin ba ni amsa, ni ce na toshe kunnena. Kina so a san naki ne. Ke da ba ki taɓa zama a aji ba, kin fi ni gane abin da malamin nan yake tambaya.

Yanzu sunanki yana cikin kundin, cikakke, a duk inda ya kamata. Malamata ta ce in na ga ba zan iya ba, an yarda in kunna musu muryarki ki faɗa da kanki. Na yi kwana biyu ina jin daɗin wannan mafita. Daga baya na ga wayo ne kawai. Ni za a tambaya, ni ce ɗalibar, kuma ba zan sa ki tsaya mini a wurin da ni ya kamata in tsaya miki ba.

Don haka na fara koyo, kamar mai koyon karatu. Kwana uku ina kama harafin farko ina saki. Shekaranjiya da la'asar ina ɗaki ni kaɗai, na rufe ido na faɗe shi duka, da ƙarfi. Sai na ji an ce "Na'am" daga tsakar gida. Jikarki ce, takwararki, wadda muke ce wa Ummi. A makaranta kaɗai ake kiranta da sunan. Ta leƙo tana kallona ta ce, "Mama, ke ce kika kira ni?" Shekararta tara ba ta taɓa ji a bakina ba. Na ce mata eh, ni ce, zo ki zauna. Ta zauna kusa da ni, ba ta tambaye ni dalilin hawayen ba.

Masu karanta wannan takarda su yi haƙuri, ba zan rubuta sunan a nan ba. Ba don wannan takarda na koyi faɗinsa ba. Wuri ɗaya na tanadar masa.

Na yi tunani, Inna, iya sanina sau biyu aka taɓa faɗin sunanki a gaban taro. Ranar da aka raɗa miki shi, da ranar da aka ɗaura miki aure. Duka biyun maza ne suka faɗa a ƙofar gida, ke kina can ciki ba ki ji ba. Ranar Talata za a faɗa na uku, a gaban malamai, a matsayin wadda ta san abin da su ba su sani ba. Wannan karon ma ba za ki ji ba, kuma wannan shi ne abin da ya fi yi mini ciwo a duk tafiyar nan.

In rashin kunya ne, ki yafe mini. Wallahi ba raini ba ne. In muryata ta yi rawa su jira ni, zan kai ƙarshensa.

Allah ya jiƙanki, Inna, ya gafarta miki, ya haskaka kabarinki. Duk gidan da ya ajiye iri ta hanyarki ya shuka ya ci, Allah ya kai ladan gare ki. Ya ba ni ƙarfin zuciya da sakin harshe ranar Talata, ya sada mu a Aljanna. Amin.

Ki huta lafiya.

Ni ce 'yarki ta fari,
wadda ke ma ba ki taɓa kiran sunanta ba.
Daura.