Hotuna Huɗu a Cikin Fasfo

Khartum, 9 ga Maris, 2006

Yaya Hadizatu,

Assalamu alaikum. Yaya Inna da ƙafarta? Yaya yara? Ni lafiya lau nake.

Tafiyar 'yan ajinmu zuwa kurmin Yambiyo don nazarin itatuwa, jibi za a tashi, amma ba da ni ba. Baƙo ba ya zuwa kudancin ƙasar nan sai da takardar izini. Abokina Abdulrauf, Bahaushe haifaffen unguwar Kalakla a nan Khartum, shi ke haɗa takardun ajin. Na ba shi fasfo da hotuna huɗu. Mako uku, kullum sai ya ce gobe. Na yi allurar rigakafi, na sayi gidan sauro da takalmin ruwa a kasuwar Suk al-Arabi.

Jiya ya miƙo mini fasfona, hotunan na ciki yadda na saka su. Ya ce, "Kai ajnabi ne, Musbahu. Sunanka zai sa a tsayar da mu duka."

Shekara uku muna cin abinci kwano ɗaya a gidansu, sai jiya na san ni baƙo ne.

Kada ki gaya wa Inna. Daddawar da kike aiko wa mahaifiyarsa, ki ci gaba da aikowa. Ita har yau "ɗana" take ce mini.

Ƙaninki,
Musbahu