Surin Gwaggo Saratu da Kuka Rushe Saboda Ƙwaro

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Sashen Nazarin Ƙwari na Jami'a,

Ranka ya daɗe, gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye kusa da Kafanchan. Na aiko muku wasiƙa sau biyu, shiru, shi ya sa na fito fili.

Na farko: a daminar shekarar da aka fito da naira, wani malaminku ya zo neman wani siririn ƙwaro mai guntun fiffike, mai ɗaga wutsiya kamar kunama. Ya ce ba a cika samunsa ba, ya zaga har Kauru bai gani ba. Ni na gaya masa a cikin surin gara yake zama, a inuwar bakin rafi, domin tun ina yaro nake ganinsa.

Na biyu: a wajenmu suri yana da mai shi. Wanda na kai shi na Gwaggo Saratu ne, ƙanwar mahaifina, gwauruwa, wadda ke kama shinge, garar nan mai fiffike, a wurin duk farkon damina, ta soya, ta ci da jikokinta. Da farko ta ƙi. Ni na bugi ƙirji na ce ƙaramin rami kawai zai yi ya toshe, kamar yadda ya yi mini alkawari a gaban fastonmu.

Na uku: bara ya dawo ina makaranta, da lebura da diga. Suka rushe surin har ƙasa, suka ciro uwar garar suka sa a kwalba. Bana ko shinge ɗaya bai fito ba.

Ko a rahoton da ya aiko mini, cewa ya yi an sami ƙwaron kusa da Jos. Wannan ya ba ni haushi, amma ba shi ke ci mini rai ba.

Roƙona ɗaya ne. Ku turo shi ya durƙusa gaban tsohuwar nan, ya faɗa da bakinsa cewa ban san zai rushe surin ba. Ita ta goya ni da uwata ta rasu, yau kuwa ko a coci na gaishe ta, da "Malam" take amsa mini, ba da sunana ba.

Ubangiji ya ƙara maka lafiya, ya kiyaye ka daga jin kunyar naka.

Wassalam.

Ishaya Dauda